Babur, Lodi da Hayaƙin Salansa: Lissafin da Ya Kamata Mu Yi

A ƙasar Hausa ta yau, babur ya daɗe da wuce matsayin abin hawa kawai. Shi ke fito da buhun masara daga gona zuwa bakin titi, shi ke kai jarkokin ruwa unguwannin da famfo ya ƙafe, shi ke ɗauko dilar atamfa daga Kantin Kwari zuwa tasha, shi ke isar da kwandon tumatir 'Yankaba tun gari bai waye ba. A ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, shi ne motar kaya, shi ne kuma motar asibiti. Daga Wudil zuwa Mai'aduwa, daga Illela zuwa Maraɗi da Damagaram, da wuya ka sami kasuwar da ba ta da inuwar da 'yan acaɓa ko 'yan kabu-kabu ke zaman jiran lodi.

In aka tashi maganar haɗarin babur, abu biyu aka fi ambata: gudu da hular kwano. Duka biyun sun cancanci a ambace su. Amma akwai wasu biyun da ba a cika waiwaya ba, wato hayaƙi da zafin da ke fita daga salansa, da kuma kayan da ake ɗaurewa a samanta. Abin da nake son nunawa shi ne, waɗannan biyun igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Lodin da ya wuce kima shi ke wahalar da inji, injin da ya wahala shi ke ƙara hayaƙi da zafi, kayan da aka labta kuma su ne ke sauka a kan wannan zafin. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren.

Yadda babur ya zama motar kaya

Acaɓa ta bazu a biranenmu ne a shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, motocin haya suka yi ƙaranci, ƙananan ma'aikata suka fara fita da baburansu bayan an tashi daga ofis don cike giɓin albashi. Daga baya baburan ƙasar Sin masu araha irin su Jincheng suka cika kasuwa, sannan na Indiya, Bajaj Boxer da TVS, suka karɓi ragamar aikin wahala saboda doguwar kujera da ƙaƙƙarfar kariyar da suke da su.

Abubuwa biyu sun ƙara tura babur ga dakon kaya. Na farko tsaro ne. Bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a watan Janairun 2013, gwamnatin jihar ta hana acaɓa a cikin birni. Fasinja ya koma Adaidaita Sahu, amma baburan ba su ɓace ba. Wasu sun koma ƙauyuka, wasu sun koma jigilar kaya tsakanin kasuwa da shago. Na biyu tsadar mai ce. Tun da aka sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta kai wajen naira 1,000. Daga nan kayan da ake yi wa sawu biyu suka koma na sawu ɗaya.

Aikin da jaki ya yi wa kakanninmu shi babur ya gada. Sai dai jaki in kaya suka fi ƙarfinsa yakan turje ko ya durƙusa, dole a rage masa. Babur ba ya turjewa. Ka ɗora masa ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka, ka taka shi, zai tashi ya tafi, kuma wannan tafiyar ce ke sa mai shi ya ɗauka komai lafiya lau.

Abin da ke cikin hayaƙin

Ƙaramin inji mai kafireto ba ya ƙone fetur sarai. Abin da ke fitowa daga salansarsa ya haɗa da ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba, wanda a cikinsa akwai sinadarin benzin da aka tabbatar yana haddasa kansar jini, da ƙananan ɓurɓushin toka masu shigewa can cikin huhu, da wasu iskoki masu tayar da asma da tari. Mafi saurin kisa a cikinsu ita ce iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da hanci ke ji na mai ne da sauran tarkace, ita kanta ba a jin shigarta. In ta shiga jini takan manne wa sinadarin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, amma jininsa ya daina kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Ita ce iskar da ke hallaka iyalai a cikin barci idan aka kwana da janareto a kusa da ɗaki, labarin da muka sha ji a ƙasar nan. Injin babur da na janareto kuwa iska ɗaya suke fitarwa.

Ga inda abin ke zuwa mana har gida. Saboda ɓarayi, mutane da yawa na kwana da babur a zaure ko a shago, wasu ma a cikin ɗakin da suke barci. Da asubar hunturu inji ya yi sanyi, sai a ja cok, a tayar da shi a nan inda ya kwana, a bar shi yana sulo wai ya ɗan yi zafi. Ƙofa a rufe saboda iska, yara na kwance a tabarma, labule kawai ya raba su da bakin salansa. Alhali inji mai sanyi da aka ja wa cok shi ya fi kowane lokaci fitar da wannan guba, domin man ya fi iska yawa a cikinsa. Ƙa'idar a nan ba ta da wuya: a tura babur waje tukuna, sannan a tayar.

Alamun farko na shaƙar wannan iska su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma su ne alamun da muka saba ɗora wa maleriya ko gajiya. Abin da ke bambanta su shi ne, mutane da dama a wuri ɗaya kan kamu lokaci guda, kuma sukan ji sauƙi da zarar sun fita waje. Wanda ya kai ga ruɗewa ko suma, a fito da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti. A iskar duniya, jiki na ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar, amma da oksijin na asibiti lokacin yakan ragu zuwa awa ɗaya da 'yan kai. Madarar gwangwani ko manjan da ake ɗura wa wanda hayaƙi ya buga ba sa cire komai daga jini, kuma ɗura wa wanda bai farfaɗo ba wani abu a baki na iya shaƙe shi. Masu juna biyu, jarirai, masu sikila da masu ciwon zuciya su suka fi saurin galabaita.

A kan titi gubar ba ta kisa nan take, tana ci ne a hankali. Ɗan acaɓa a cunkoso yana zaune a tsakiyar salansa goma, ba gilashi ba rufi, daga safe har magariba. Bakanike yana durƙushe da fuskarsa a bakin bututun yana saita sulo. Yaron da ke talla a bakin danja tsayinsa ya fi kusa da inda hayaƙin ke fita, kuma numfashinsa ya fi na babba sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓacewar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacinsu a shekarar 2019, galibi ta hanyar ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci yana rage ƙura, kuma ya fi babu, amma ba ya tare kabon monoksaid ko kaɗan. Abin da ke ragewa shi ne barin tazara daga bayan mai hayaƙi, da kashe inji idan tsayuwa ta yi tsawo.

Hayaƙin kuma yana faɗin ciwon inji ga mai lura. Shuɗi-shuɗi na nufin baƙin mai na ƙonewa. A tsofaffin babura masu inji irin wanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur, haka aka ƙera su, kuma wani kaso mai yawa na man yakan fita ɗanye ta salansa. A Boxer da ire-irensa kuwa, shuɗin hayaƙi alama ce ta ringi ya cinye. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, sau da yawa saboda ƙurar hunturu ta toshe filta ko an saita kafireto ba daidai ba. Duk wanda baburinsa ke baƙin hayaƙi, kuɗin mansa ne ke bin iska.

Abin takaici shi ne an riga an san maganin. A Indiya, inda ake ƙera yawancin baburan da ke hanyoyinmu, tun watan Afrilun 2020 aka tsaurara dokar hayaƙi, har ta tilasta wa kamfanoni barin tsohon kafireto da sanya na'urar tace hayaƙi a cikin salansar baburan da ake sayarwa a can. Mu kuwa har yanzu masu kafireton ne suka cika kasuwanninmu, domin su ne masu araha kuma dokarmu ba ta matsa ba. Najeriya na da hukumar kula da muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007, tana kuma da ƙa'idojin hayaƙin ababan hawa tun 2011, amma masu babur ƙalilan ne suka taɓa ganin an gwada hayaƙin injinsu.

Zafin salansa

A dubi ƙwaurin mutanen da suka saba hawa acaɓa, musamman mata da yara, za a ga wani zagayayyen tabo a ƙafar dama. Ƙunar salansa ke nan. Inda bututun ke fitowa daga inji zafinsa yakan kai ɗaruruwan digiri, ƙarshensa ma ya isa ya ƙone fata cikin ƙiftawar ido, kuma yakan daɗe da zafi bayan an kashe babur. Ƙaramin yaro mai rarrafe a tsakar gida ba ya sanin cewa baburin da babansa ya jingine yanzu wuta ne. Shi ya sa ake hawa da sauka ta hagu, kuma shi ya sa ɗan ƙarfen da ke rufe salansa ba ado ba ne. In ya faɗi a mayar da shi.

In ƙuna ta faru, abin yi shi ne a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja da baƙin man inji, waɗanda aka saba shafawa, suna riƙe zafi ne suna kuma gayyato ƙwayoyin cuta. Ƙunar salansa takan yi zurfi fiye da yadda take nunawa, don haka a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Samarin da ke fasa cikin salansa don ta yi ƙara a wajen biki ko kilisa su ma su sani, suna lalata saitin injin, suna ƙara masa zafi, suna kuma kashe jin kunnensu da na maƙwabta sannu a hankali.

Kaya da ma'auninsu

Irin baburan da ke hanyoyinmu, masu inji 100 zuwa 150 cc, nauyinsu yakan kasance tsakanin kilo 110 da 130. Abin da masu ƙera su ke yarda a ɗora musu, har da direban, ba ya cika wuce kilo 150, kuma a rubuce yake a ɗan littafin da ke zuwa da sabon babur. A yi lissafi. Direba mai kilo 65 da babban buhun masara mai kilo 100 sun riga sun cike ma'aunin har sun ɗan gota. Buhun siminti kilo 50 ne, jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. To a bakin Kasuwar Dawanau za ka ga an ɗora buhu biyu, 'yan dako biyu na danna su, direba ya taka robar da aka yanko daga tsohon tub yana ja da dukan ƙarfinsa. Mai kaya na tsaye yana cewa, “Malam, ƙara ɗayan nan mana, ai ba nisa.” Direba ya dubi tayar baya da ta riga ta baje, ya ce, “Zai ɗauka, Alhaji.” Sannan ya matsa ya zauna a kan tanki, mai kayan ya haye saman buhunan.

Me ke faruwa da wannan babur? Nauyin ya koma baya ya kuma hau sama. Tayar gaba, wadda ita ce ke juya babur kuma ita ke ɗauke da mafi yawan aikin birki, ta yi sako-sako a ƙasa. Kan babur ya fara rawa, a hawan tudu ma yakan ɗaga. Direban da ke kan tanki ya takura, ba zai iya juya kai sosai ba, ƙafarsa kuma ta kauce daga daidai inda birkin baya yake. Kayan sun rufe madubi da jar fitilar baya, mai tirela da ke tafe da dare ba zai gan shi ba sai ya zo gab. Baya ya sunkuya, saboda haka fitilar gaba ta ɗaga tana kashe idon mai zuwa maimakon haska rami.

Sai maganar tsayawa. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka huɗu. Birkin ƙaramin babur an auna shi ne da nauyin da aka rubuta. In aka ninka nauyin, birkin yakan yi zafi a gangara ya daina kamawa. Kaya masu ruwa suna da tasu matsalar: jarkar da ba ta cika ba takan yi tangaɗi, ta ja babur gefe a tsakiyar kwana. Rago ko akuya kan zabura. Katifa da kwanon rufi kan kama iskar babbar mota. Rodi da katakon da aka gicciye kan zama mashi ga duk wanda ke gefen hanya. Haka ragowar igiya, da bakin hijabi, da gefen zani ko babbar riga, in suka lilo kusa da sarƙa ko tayar baya, sukan naɗe su fizgo mutum ƙasa.

Inda lodi da salansa suka gamu

Babur mai lodin da ya wuce kima yana tafiya ne a ƙaramar giya, mai a buɗe, gudu kaɗan. Injin da iska ke sanyaya shi ba ya samun isasshiyar iska a wannan hali, sai ya yi zafi fiye da kima, ringi ya cinye da wuri, hayaƙi ya ƙaru. Kayan da suka sauko ta gefen dama kuma suna gugar salansa. Buhun leda yana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, robar ɗauri ma zafi na cin ta. Da zarar ta tsinke, kaya sun karkace a cikin gudu. Kayan da suka zarce bayan kariya kuma sukan sa hayaƙi ya yi ta kewayawa a bayansu yana tasowa sama, ya shiga naman da aka ɗauko daga kwata ba rufi, da burodi, da nono, da hancin yaron da aka ɗora a ƙarshe.

Mafi muni shi ne fetur. Masu kai wa 'yan bumburutu mai, da masu haurawa da shi garuruwan kan iyaka, sukan rataya jarkoki hagu da dama, bakinsu a toshe da leda. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarowa ƙasa ne zuwa inda inji da salansa suke, kuma tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya ishe shi. In irin wannan babur ya faɗi, ba a maganar karaya, ana maganar gobara ne a tsakiyar jama'a. Tukunyar gas ma ba ta da wurin zama kusa da salansa: a tsaye ake ɗaukarta, a ɗaure tamau, a tabbatar bakinta a rufe. A gidan mai kuma a kashe inji, kowa ya sauka, domin tankin babur a saman inji mai zafi yake.

Wa ke da alhaki

Direba yana da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Mai ya yi tsada, mai babur na jiran balas da yamma, in ya ƙi lodin na kusa da shi zai ɗauka. Amma ribar sawu ɗayan da aka rage, taya da sarƙa da ringi ne ke cinye ta tun wata bai zagayo ba. In kuma aka faɗi, jinyar ƙafa ɗaya a Asibitin Ƙashi na Dala ko a gidan mai ɗori takan cinye abin da aka tara a shekara, ga iyali zaune ba mai nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Abin da ke hannun direba a fili yake. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa-ƙasa, kusa da bayansa, hagu da dama daidai wa daida. A bar tazara tsakanin kaya da salansa. A ɗaure da igiya mai ƙwari ban da roba, a tsaya bayan ɗan tafiya a sake dubawa. A ƙara wa taya iska gwargwadon lodi a wajen mai faci. A wanke filta, a canza baƙin mai a kan kari. In an ɗauki kaya masu nauyi, kada a ƙara da mutum. Hular kwano kuma, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilastawa ranar 1 ga Janairun 2009, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100 in an ɗaura ta daidai.

Amma direba shi kaɗai ba zai iya ba, tunda gasa ce ke tura shi. A nan ƙungiyoyin 'yan acaɓa irin su ACOMORAN da shugabannin kasuwa ke da rawar da ta fi ta kowa. In inuwa guda ta yanke cewa buhu ɗaya ne lodi, ta kuma tsayar da farashinsa, ba wanda zai ji tsoron a ƙwace masa ciniki. Kayan da suka fi haka a ba mai ƙafa uku na dakon kaya, wanda don wannan aikin aka ƙera shi. Jami'an hanya, daga na tarayya har irin su KAROTA ta jihar Kano, su mayar da hankali ga lodin da ya rufe fitila da jarkokin fetur, su kuma shiga tashoshi da wayar da kai da harshen da direbobi ke ji. Gwamnati ta ɗaga ƙa'idar baburan da ake shigowa da su. Ruwanda ta daina yi wa sabbin baburan haya masu amfani da fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025 don ƙarfafa masu lantarki. Ko ba mu kai nan ba saboda halin wutarmu, za mu iya ƙin karɓar injin da ƙasar da ta ƙera shi ta daina yarda a sayar wa 'ya'yanta.

Sauran alhakin yana wuyan mu masu kaya. Yawancin lodin da ya wuce kima da roƙonmu ake yin sa, don mu tsira da 'yan canjin sawu na biyu. Wanda ya matsa wa direba ya ƙara buhu yana da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko da bai hau baburin ba. Biyan kuɗin sawu biyu ya fi araha nesa ba kusa ba a kan zuwa dubiya ko gaisuwar rasuwa, kuma wannan hukunci ne da kowannenmu zai iya yankewa tun daga kasuwar gobe.